Magarya da Dungas: Ƙara wa kwamfuta wuta don ta yi gudu, riba ce ko asara?

A garuruwan Magarya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar, kwamfuta jari ce. Da ita mai shagon hoto ke gyara hotunan fasfo da na biki, da ita ake haɗa bidiyon suna da na ɗaurin aure, da ita ake buga takardun makaranta da na neman aiki, sannan a tura wa mutane finafinai da karatun malamai a wayoyinsu.

Da yawa daga cikin waɗannan na'urori sun gama aiki a wani ofishi na wata ƙasa kafin su iso. Wasu daga kasuwannin Kano ake shigo da su, ta iyakar Babban Mutum a jihar Katsina ko ta Maigatari a jihar Jigawa. Wasu kuma ɗan'uwa da ke ci-rani a Libiya, Aljeriya, Saudiyya ko Turai ne ke aikowa gida, domin ƙanensa ya samu abin yi.

Ranar da irin wannan kwamfuta ta fara nauyi, matashin da ke da waya da data ba ya rasa mai ba shi shawara. YouTube da TikTok cike suke da bidiyoyin da ke nuna yadda ake shiga saitin kwamfuta a ƙara mata gudu ba tare da an sayi komai ba. Sunan dabarar a bakin masu harkar obakulokin, wato tilasta wa na'urar ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Akwai kuma shawara ta biyu da ke biyo bayan ta farko kamar inuwa: idan ka ƙara gudu ta fara daskarewa, to ƙara mata wuta.

Dabarar gaskiya ce, kuma tana aiki. Sai dai an raine ta ne a ɗakuna masu sanyi, inda wutar lantarki ba ta rawa. A yankin da zafin bazara ke haura digiri 40, ƙurar hunturu ke shiga kowace kafa, wuta kuma ke zuwa yadda ta ga dama, lissafin ya sha bamban. Ga mai shago a Magarya ko Dungas, wannan saitin da ake cewa a ɗaga, sau da yawa saukar da shi ne ke kawo riba.

Me ake taɓawa a cikin na'urar?

A tsakiyar babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod, akwai wani ɗan falle da bai kai faɗin tafin hannu ba. Shi ne furosesa, wadda ke yin duk lissafin da na'urar ke buƙata. Furosesa tana aiki ne da bugu, kamar bugun zuciya. Idan aka ce gudunta gigahaz 3.5 ne, ana nufin tana yin bugu biliyan 3.5 a kowace daƙiƙa.

A yawancin kwamfutocin zamani, wannan adadi yana fitowa ne daga ninka lambobi biyu: ainihin bugun allon, wanda yawanci megahaz 100 ne, da wata lamba da ake ninka shi da ita. Idan lambar 35 ce, an samu gigahaz 3.5. Mai son ƙarin gudu sai ya shiga BIOS, wato shafin saitin da ke buɗewa kafin Windows ta tashi, ya mayar da 35 ta zama 38 ko 40.

Matsalar a nan take farawa. A cikin furosesa akwai biliyoyin ƙananan makunnai da ake kira taransisto, kuma dole su gama kunnuwa da mutuwa kafin bugu na gaba ya zo. Idan aka matse musu lokaci, wasu ba sa cimmawa, sai lissafi ya fito da kuskure, kwamfuta ta daskare ko ta nuna shuɗin allo. Abin da ke sa makunnan su hanzarta shi ne ƙarfin turin wutar da ke shiga cikinsu, wanda ake aunawa da bolt. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa da injin a fadama ya san misalinsa: idan ka ƙara wa injin wuta, ruwa ya fi fita da ƙarfi, kwami ya cika da wuri, amma tiyo da injin ne ke ɗaukar wahalar.

Wutar da furosesa ke sha ƙanƙanuwa ce ƙwarai, a kewayen bolt 1 zuwa 1.4 lokacin da take aiki. Saboda haka canjin da ake magana a kai na ɗigo-ɗigo ne, daga 1.20 zuwa 1.25, ko zuwa 1.35. A ido kamar ba komai ba ne.

Harkar ta daɗe. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha, Celeron 300A, wadda masu ƙwaƙule-ƙwaƙule suka gano tana iya tashi daga megahaz 300 zuwa 450 da ɗan canjin saiti, ta yi kafaɗa da waɗanda suka ninka ta tsada. Daga baya kamfanonin suka mayar da abin kasuwa. Intel ya ware wasu samfura masu harafin K a ƙarshen lambarsu waɗanda ya bar su a buɗe, AMD kuma ya bar yawancin Ryzen na kwamfutar tebur a buɗe tun daga 2017. Har gasa ake yi. A watan Disambar 2022 an haura gigahaz 9 da Core i9-13900K, amma fa da sinadarin hiliyom na ruwa aka sanyaya ta. Ko naitirojin na ruwa da ’yan gasa suka fi amfani da shi, sanyinsa digiri 196 ne ƙasa da sifili. Wannan wasan masu kuɗi ne, na ’yan daƙiƙoƙi, ba a gyara hoton amarya da shi.

Lissafin da bidiyon ba ya tsayawa a kansa

Akwai ƙa'ida guda da injiniyoyi ke aiki da ita wajen auna wutar da furosesa ke ci. Idan gudu ya ƙaru da kashi 10 cikin 100, cin wuta ma yana ƙaruwa da kusan kashi 10. To amma bolt ba haka yake ba, domin ninka shi ake yi da kansa.

Ga misali. Bolt 1.20 idan aka ninka shi da kansa, 1.44 ne. Bolt 1.35 kuma 1.82. Ke nan wannan ɗan ƙari na 0.15 ya ɗaga cin wuta da kusan kashi 27 cikin 100, tun kafin a taɓa gudun.

A ɗauka furosesa tana cin wat 90 a gigahaz 4.0 da bolt 1.20. An ɗaga ta zuwa gigahaz 4.4, an ba ta bolt 1.35 domin ta tsaya. Yanzu za ta ci kusan wat 125. An sayi ƙarin gudu na kashi 10 da ƙarin wuta na kusan kashi 40. Bidiyon bikin da ke ɗaukar minti 60 kafin ya gama fita, yanzu zai ɗauki minti 54 da rabi, idan ma furosesa ce kaɗai ke riƙe aikin. Ribar minti biyar da ’yan kai ke nan.

Ga wanda ke kan sola, wannan lissafi kuɗi ne kai tsaye. Batir mai bolt 12 da ƙarfin amfiya 100 yana riƙe kusan wat 1,200 na awa guda a takarda, amma idan irin na dalma ne, rabin hakan kawai ake so a sha idan ana son ya yi ƙarko. Ƙarin wat 35 na tsawon awa takwas na aiki mai nauyi ya kai 280. Kusan rabin abin da batirin ke iya bayarwa ya tafi wajen neman minti biyar a kowace awa.

Kuma duk wat ɗin da furosesa ta sha, zafi yake komawa. Babu inda yake zuwa sai cikin akwatin kwamfutar, daga nan sai cikin shago.

Ɗakin mai bidiyo da shagon kwano

Wannan shi ne babban abin da ke raba mai kallon bidiyo a Dungas da mai yin bidiyon a Jamus ko Amurka. Fanka da ƙarfen sanyaya da ke bisa furosesa ba sa ƙirƙirar sanyi. Aikinsu kawai su kwashe zafi su miƙa wa iskar ɗaki. Saboda haka zafin furosesa, a taƙaice, zafin ɗaki ne a tara da abin da aikinta ya haifar.

Idan mai bidiyo ya nuna furosesarsa tana kan digiri 80 a ɗakin da ke digiri 22, ya ce komai lafiya, gaskiya ya faɗa. A ɗauko wannan kwamfutar da wannan saitin a ajiye a shago mai rufin kwano da azahar ɗin watan Afrilu ko Mayu, inda iskar ciki ta kai digiri 42, sai a same ta a wajen digiri 100. Wannan kuwa shi ne iyakar da Intel ya sa wa yawancin furosesocinsa. AMD ya sa wa yawancin Ryzen 7000 digiri 95.

Da ta taɓa iyakar, furosesa tana rage gudunta da kanta domin kada ta ƙone. A nan ne neman ƙiba ke samo rama: wanda ya ɗaga ta zuwa gigahaz 4.4 zai iya ganin tana faɗowa ƙasa da 4.0 ɗin da take yi tun asali, ga fanka na kuka, ga batir na zuƙewa.

A ƙara da ƙura. Daga watan Disamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu tana cusa ƙura tsakanin siraran haƙoran ƙarfen sanyaya har ta zama kamar bargo. Sannan man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen yana bushewa da shekaru. Kwamfutar da ta yi shekara bakwai ko takwas a wani ofishi kafin ta tsallako iyaka, da wuya a ce an taɓa sake mata shi.

Zafi da yawan bolt idan suka haɗu, ɓarnarsu ba ta fitowa rana ɗaya. Hanyoyin wutar da ke cikin furosesa sun fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba, kuma wuta mai ƙarfi tana zaizaye su a hankali, zafi na hanzarta zaizayar. Alamarta ita ce kwamfutar da ke tsayawa lafiya a wani saiti, bayan watanni sai ta fara faɗuwa a kansa, sai an ƙara mata wuta kafin ta tsaya, ƙarin kuma ya daɗa cin ta. Abin da ya zaizaye ba ya dawowa.

Su kansu masu ƙerawa sun ƙone hannu

Duk wanda ke ganin kamar tsoratarwa ce kawai, ya dubi abin da ya faru da manyan kamfanonin biyu a baya-bayan nan.

A watan Afrilun 2023 aka fara ganin hotunan wasu furosesocin Ryzen 7000X3D na AMD da suka kumbura, har da tabon ƙuna a mazauninsu. Bincike ya kai ga yawan bolt da wasu madabod ke tura wa wani sashe na furosesar. AMD ya fitar da gyaran da ya kafa iyakar bolt 1.3 a wannan sashe.

Na Intel ya fi girma. Masu manyan furosesocinsa na zubi na 13 da na 14 sun shafe watanni suna kukan wasanni da manhajoji na faɗuwa. A watan Yulin 2024 kamfanin ya amsa cewa kuskure a umarnin da ke cikin furosesar yana sa ta nemi bolt fiye da kima. A watan Agusta ya fitar da gyaran da ya hana neman abin da ya wuce bolt 1.55, ya sake fitar da wani a Satumba, ya kuma ƙara wa'adin garanti da shekara biyu. Gyaran yana kare wadda ba ta lalace ba ne kawai. Wadda ta riga ta taɓu, sai dai a canza ta.

Mai saye a Landan ko Dubai yana da rasit, yana da inda zai mayar. Wanda ya sayi tasa ta hannu a titin Beirut da ke Kano, ya biya kuɗin mota da na iyaka ya kai ta Magarya, garantinsa bai wuce gwajin da aka yi a gabansa ba. Ko ga sabuwa ma, Intel ya rubuta ƙarara cewa canza gudu ko bolt na iya soke garanti ya kuma rage wa na'ura kwana.

Wutar bango daban, wutar furosesa daban

Mutane da dama kan haɗa abubuwa biyu wuri ɗaya. Wutar da ke zuwa daga kamfanin NIGELEC, wadda ake kira kuran a Nijar, bolt 220 ce. Tana shiga akwatin wutar kwamfuta, wanda ’yan kasuwa ke kira fawa-fak, ya sauke ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Daga nan wasu ƙananan kayan da ke kewaye da furosesa a kan madabod su sake sauke bolt 12 ɗin zuwa ɗaya da ɗigo. Saboda haka idan wutar gari ta yi ƙasa, ƙara bolt a BIOS ba ya maganin komai. Wanda ya ce maka kwamfutarka na mutuwa don kuran ba ya da ƙarfi, ka ƙara wa furosesa wuta, ya haɗa ka da asara biyu.

Amma akwai alaƙa, kuma a wannan yanki ba ƙarama ba ce. Kwamfutar da aka ƙure wa gudu ta fi jan wuta daga fawa-fak. Idan wutar bango ta faɗi, fawa-fak ɗin yana daɗa wahala kafin ya ba da abin da ake nema, yana daɗa zafi. An ƙera shi ne ya riƙe na'ura na kusan kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa idan wuta ta ƙifta, kuma yawan kaya da tsufa suna rage wannan ɗan lokaci. Tsohon fawa-fak da ke lallaɓawa da wat 90 zai iya sakin kwamfutar a tsakiyar aiki idan aka ɗora masa 125.

Wutar yankin kuwa tana da tarihinta. Damagaram tana cikin shiyyar da NIGELEC ke haɗa ta da Maraɗi da Tawa, wadda ta daɗe tana dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya take zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, Najeriya ta katse wutar a farkon watan Agusta a ƙarƙashin takunkumin ƙungiyar ECOWAS, kuma ba a maido da ita ba sai bayan da ƙungiyar ta ɗage takunkumin a ranar 24 ga Fabrairun 2024. Watanni kusan bakwai ke nan ana rabon wuta unguwa-unguwa.

Ko a lokacin da babu rikici, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a ƙasar, kuma karkara ta fi birni rashi. Gundumomin nan biyu na da jama'a sosai: ƙidayar 2012 ta nuna sama da mutum dubu 570 a Magarya, da sama da dubu 350 a Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011. A ƙananan hukumomi irin su Wacha, Bande, Sasumburum, Guci, Malawa da Dogo-Dogo, duk wanda ya yi nisa da layi, sola ko ƙaramin janareto ne madogararsa. Ƙaramin janareto kuma wutarsa na hawa da sauka duk lokacin da aka kunna firinta ko injin kwafi, yayin da inbata mai araha ke ba da wuta mai kaushi da wasu fawa-fak na zamani ba sa jituwa da ita.

A irin wannan yanayi, kuɗin da suka fi amfani su ne na sitabilaiza da na UPS, wato ƙaramin batirin da ke riƙe kwamfuta na ’yan mintoci idan an ɗauke wuta. Kuma kada wanda ya kuskura ya fara sabunta BIOS ba tare da shi ba. Idan wuta ta tafi a tsakiyar wannan aiki, madabod na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Ba kowace kwamfuta ke da ƙofar ba

Wani abin da zai hutar da mutane da yawa shi ne, galibin kwamfutocin ofis na HP da Dell da Lenovo da suka cika kasuwar ’yan gwanjo a kulle suke. Babu wurin canza bolt ko gudu a BIOS ɗinsu. A ɓangaren Intel, sai furosesa mai harafin K da madabod na jerin Z kafin a yi cikakken obakulokin. Manhajojin da ake tallatawa cewa suna buɗe kowace kwamfuta, ko suna ninka gudun wayar Android don wasan PUBG ko Free Fire, mafi alherinsu su rufe wasu manhajoji da ke aiki a bayan fage, mafi sharrinsu su shigo da ɓarayin bayanai.

Matsin da ke sa matasa neman wannan hanya gaskiya ne. Manhajojin gyaran bidiyo na daɗa nauyi, ga kuma Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, alhali Windows 11 ba ta karɓar yawancin furosesocin Intel da suka girmi zubi na takwas. Amma a tsohuwar kwamfuta, abin da ke jan ƙafa sau da yawa ba furosesa ba ce. Tsohon faifan ajiya mai juyawa ne da ƙarancin RAM. Sauya faifan da SSD, da ɗaga RAM daga giga 4 zuwa 8 ko 16, yana kawo canjin da ko abokin ciniki da ke jira a benci zai gani, kuma ba ya ƙara zafin a-zo-a-gani.

Juya dabarar ta koma baya

Kamfani yana ƙera miliyoyin furosesa, kuma ko ’yan samfuri ɗaya ba sa fitowa daidai da juna. Wata na tsayawa da wuta kaɗan, wata sai da ƙari. Don kada a samu matsala, kamfani kan ba kowace ɗan rara. Wannan rarar ita ce masu obakulokin ke juyawa ta zama gudu. Mai shagon da ke fama da zafi zai iya juya ta ta zama sanyi, ta hanyar rage bolt ya bar gudun yadda yake.

A koma ga misalin baya. Idan furosesar nan mai wat 90 ta yarda ta tsaya a bolt 1.12 maimakon 1.20, cin wutarta zai sauka da kusan kashi 13 cikin 100, ya koma wajen wat 78, gudunta bai ragu ba. A kwamfutar cinya da ta saba kaiwa iyakar zafi tana ja da baya, ragin yakan sa ta fi dā sauri, tunda ta daina cin birki. Haɗarinsa kuma bai kai na ƙari ba: idan aka rage fiye da kima, na'urar za ta daskare ko ta sake tashi, amma ba ta ƙonewa.

Masu yin wannan aiki da hankali suna bin tsari. Da farko a kwashe aikin mutane a ajiye a wani faifai daban. A bushe ƙura, a sake man sanyaya, a ɗaga kwamfutar daga ƙasa, a ba ta tazara da bango. Sai a sa manhajar auna zafi irin HWiNFO, a rubuta lambobin asali a takarda kafin a taɓa komai. Daga nan a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, bolt 0.01 zuwa 0.02 a kowane mataki, ana gwadawa da manhajar da ke ɗora wa furosesa kaya iya wuya, kamar Prime95 ko OCCT ko Cinebench. A kwamfutocin Intel ana amfani da Intel XTU ko ThrottleStop, a na AMD kuma da Ryzen Master ko saitin Curve Optimizer da ya zo tare da Ryzen 5000 a 2020. Inda ta fara kuskure, a koma baya mataki biyu a tsaya.

Lokacin gwaji ma yana da muhimmanci. Saitin da ya ci jarrabawa da asubahin watan Janairu bai ci ta bazara ba tukuna. A gwada da rana tsaka, a cikin shagon, ƙofa yadda aka saba barinta, na awanni ba na mintoci ba. Dalili kuwa, kwamfutar da ba ta tsaya daidai ba ba kullum take faɗuwa a gani ba. Takan ci gaba da aiki tana ɓata fayil a ɓoye, sai ranar da ango ya zo karɓar bidiyonsa a tarar ya ƙi buɗuwa.

Wannan ƙofa ma ba a kowace na'ura take a buɗe ba. A watan Disambar 2019 masu bincike suka bayyana wata kafa da suka sa wa suna Plundervolt, inda ake amfani da rage bolt a saci bayanan sirri daga furosesocin Intel. Bayan haka kamfanoni da dama suka toshe damar a sabbin BIOS na kwamfutocin cinya. Wanda ya tarar tasa a toshe yana da wata hanya a cikin Windows: a saitin wuta, ya mayar da iyakar aikin furosesa daga kashi 100 zuwa 99. A na'urori da yawa wannan yana hana ta yin tsallen gudun da ke kawo mafi yawan zafi. Za a rasa ɗan sauri, a samu fanka mai shiru da batir mai jimawa.

Idan kuwa an yi saitin da ya hana kwamfutar tebur tashi, ba a gaggauta kai ta kasuwa a sayar a matsayin gawa. A cire ta daga wuta, a zare ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod, mai lamba CR2032, a jira ’yan mintoci a mayar. Yawanci BIOS na komawa saitinsa na asali.

Ga masu aikowa daga waje

Wanda ke ƙasar waje yana shirin aiko wa na gida kwamfuta, zai kyauta idan ya fara tambayar inda za ta zauna da wutar da za ta sha. Babbar kwamfutar wasanni da ke jan wat 400 ko 500 ba ta da amfani a shagon da ke kan faifan sola biyu. Kwamfutar cinya ta ofis mai cajar wat 65 ta fi dacewa, ga shi batirinta na tsaya mata idan wuta ta ƙifta. Idan ta hannu ce aka saya daga wani ɗan wasa, a tambaye shi ko ya taɓa ƙure mata gudu, a kuma mayar da BIOS saitin asali kafin a naɗe ta. Idan tana ɗauke da babbar furosesar Intel ta zubi na 13 ko na 14, a sabunta BIOS ɗin tun a can inda wuta ke tsaye.

Sai kuma abu na ƙarshe da ya sha cinye kaya tun ranar farko. Wutar gidaje a Amurka da Kanada bolt 120 ce. Cajojin kwamfutar cinya da fawa-fak na zamani galibi suna karɓar daga 100 zuwa 240, kuma a rubuce yake a jikinsu. Amma tsofaffin kwamfutocin tebur da yawa suna da wani ɗan jan makunni a baya, kusa da inda ake soka waya, mai lamba 115 a gefe ɗaya da 230 a ɗayan. Idan aka jona ta a Magarya yana kan 115, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. A tura shi zuwa 230 tun kafin a rufe kwali, a manna masa salatif, sannan a jefa ƙaramin bututun man sanyaya guda a cikin kayan.